ZOMO DA SIRRIN FARKON CIKI: Yadda Aka Bi Ta Kan Zomanya Aka Kai Ga Jaririn Kwalba

Ran 25 ga watan Yuli na shekarar 1978, da dare, aka haifi wata yarinya a babban asibitin Oldham, wani gari da ke kusa da Mancesta a ƙasar Ingila, aka raɗa mata suna Louise Brown. Kafin gari ya waye labarinta ya gama duniya, domin a kanta aka fara haɗa ƙwan mace da maniyyin mijinta a cikin ɗan kaskon gilashi, sa'an nan aka mayar cikin mahaifa ya zama ciki har aka haihu lafiya. Jaridu suka yi ta yabon likita Patrick Steptoe da masanin halittu Robert Edwards, daga baya aka tuna da Jean Purdy wadda ta yi aikin tare da su. Amma akwai wadda ta riga su duka shan wahalar wannan aiki, ba a kuwa cika ambatonta ba, watau zomanya. Kusan duk matakin da aka taka kafin a kai ga wannan haihuwa, a jikinta aka fara gwada shi.

Mai karatu zai so ya san abin da ya sa masana suka bar saniya da tunkiya da biri, suka liƙe wa zomo. Arha da yawan haihuwa suna ciki, amma ba su ne babban dalili ba. Babban dalili shi ne lokaci.

Yawancin dabbobi masu shayarwa, macen takan saki ƙwai ne bisa wani zagaye nata na kanta, ko namiji ya kusance ta ko bai kusance ta ba. Saniya takan yi haka kamar kowane kwana 21, tunkiya kamar kowane kwana 17, 'ya mace kuwa kamar sau ɗaya a wata. A cikin irin waɗannan, mai bincike ba shi da ikon sanin ainihin sa'ar da ƙwan ya fito, sai dai kintace. Zomanya ba haka take ba. Ita, kamar kyanwa da raƙuma, ba ta sakin ƙwai sai an yi mata barbara. Da zarar namiji ya hau ta, jijiyoyi sukan kai saƙo ƙwaƙwalwa, wata 'yar kaluluwa da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwar ta zuba wani sinadari cikin jini, bayan kamar awa 10 ƙwayaye su fashe su fito daga gidansu. Saboda haka mutumin da ke riƙe da agogo, in ya ga barbara da ƙarfe takwas na safe, ya san cewa wajen ƙarfe shida na yamma ƙwai zai fito. Daga nan kuma yana iya lissafa shekarun ɗan tayi, ba da kwanaki kaɗai ba, har da awoyi.

Tun kafin a gane dalilin haka masana suke cin moriyarsa. A shekarar 1672 wani matashin likita ɗan ƙasar Holan, Regnier de Graaf, ya buga sakamakon binciken da ya yi, inda ya riƙa feɗe zomaye mata a lokatai dabam-dabam bayan barbara, yana duba 'yan ƙurajen da ke bisa gidan ƙwai, yana ƙirga waɗanda suka fashe. Har yau likitoci da sunansa suke kiran waɗannan ƙuraje. A 1843 Martin Barry ya ga ƙwayar maniyyi a cikin ƙwan zomanya da madubin ƙara girman abu, a 1875 kuma Edouard van Beneden na ƙasar Beljiyam ya bayyana yadda rabon uba da rabon uwa suke haɗuwa a tsakiyar ƙwan.

KWANA BAKWAI NA FARKO

Ga yadda abin yake tafiya. Ƙwan zomanya ɗan mitsitsi ne ƙwarai, faɗinsa bai kai kashi ɗaya cikin biyar na milimita ba, da ƙyar ido yake ganinsa kamar ƙwayar ƙura. In ya fito sai bakin bututun da ya haɗa gidan ƙwai da mahaifa ya cafe shi, a can saman bututun kuma yake gamuwa da maniyyi. Ba ya jira da yawa: in awa shida zuwa takwas suka wuce maniyyi bai shige shi ba, ya lalace ke nan. In kuwa ya shiga, to, wajen kwana ɗaya bayan barbara ƙwan yakan tsage gida biyu, bayan 'yan awoyi ya zama huɗu, sa'an nan takwas, sa'an nan goma sha shida, har ya zama wani ɗan curi mai kama da 'ya'yan inabi da aka matse wuri ɗaya. Abin mamaki shi ne, duk wannan rarrabuwa girmansa bai ƙaru ba, ƙwayoyin ne kawai suke ƙara ƙanƙancewa cikin ɓawo guda.

Yayin da yake gangarawa, bututun yakan lulluɓe shi da wani kauri mai yauƙi, wanda ƙwan mutum da na saniya ba su da irinsa. A rana ta uku ya isa mahaifa. A nan sai ruwa ya fara taruwa a cikinsa, ya kumbura kamar 'yar salka, ƙwayoyinsa su kasu biyu: na waje su ne za su zama mabiyiya, 'yan kaɗan da suka taru a gefe guda daga ciki su ne za su zama ɗan zomo. Kafin rana ta bakwai ya kai kamar milimita biyar, ana ganinsa sarai ba tare da madubi ba, wannan kuma wata falala ce ga masu bincike. A rana ta bakwai ɗin yake manne wa bangon mahaifa. Daga barbara zuwa haihuwa kwana 31 ne, ko ya ragu da ɗaya ko ya ƙaru da ɗaya.

Watau ke nan har mako guda ɗan tayi yana yawo ne sakaka, bai kama jikin uwa ba. Mutumin da ya fara tambayar kansa ko za a iya ɗauke shi a cikin wannan mako a kai shi wani ciki, shi ne Walter Heape, wani Bature ɗan gidan 'yan kasuwa wanda ya bar ciniki ya koyi ilmin halittu a Kambirij.

Ran 27 ga watan Afrilu na 1890, Heape ya samo zomanya fara mai dogon gashi, irin wadda ake kira Angora, wadda namiji irinta ya hau awa 32 kafin nan. Ya ciro 'yan tayi biyu daga bututunta, kowanne yana da ƙwaya huɗu, ya ɗauke su a kan tsinin allura ya sa a bututun wata zomanya irin ta Beljiyam mai gajeren gashi ja-ja, wadda ita ma namiji irinta ya hau awa uku kafin aikin. Da lokaci ya yi ta haifi 'ya'ya shida. Huɗu sun biyo ta da mijinta. Biyu kuwa farare ne sol, masu dogon gashi, Angora tsantsa, ba su ɗauko kome nata ba.

Shi Heape ba maganin rashin haihuwa yake nema ba. A zamaninsa makiyaya da masana da yawa sun gaskata cewa cikin da ya goyi ɗa yakan canza kamanninsa, har ma wai namijin da ya fara hawan mace yakan bar alamarsa a 'ya'yan da za ta haifa wa wani daga baya. Abin da ya so ya gwada ke nan, fararen zomayen nan biyu kuwa suka ba shi amsa: kamanni daga ƙwai da maniyyi suke, mahaifa masauki ce da abinci. Ya kai rahoto gaban babbar ƙungiyar masana ta Landan, aka ji, aka ajiye. An yi shekaru kusan 40 kafin a waiwayi aikin sosai.

A tsakanin nan zomanya ta yi wa mata wata hidima ta dabam. A 1931 Maurice Friedman da Maxwell Lapham na Jami'ar Pennsylvania a Amurka suka nuna cewa in aka yi wa zomanya allurar fitsarin mace mai ciki a jijiyar kunne, sinadarin da ke cikin fitsarin yakan sa ta saki ƙwai ba tare da barbara ba. Bayan kwana ɗaya ko biyu sai a buɗe ta a duba. Shekaru da dama da haka asibitoci suke gane ciki sabon shiga, har Amurkawa suka mai da mutuwar zomo ta zama habaicin samun ciki, alhali kuwa baiwar Allah, ko da ciki ko babu, yawanci yanka ta ake yi kafin a duba.

WANDA YA YI GAGGAWA DA WANDA YA YI HAƘURI

A 1934 wani matashin malami a Jami'ar Harvard, Gregory Pincus, tare da abokin aikinsa Ernst Enzmann, suka ba da sanarwar cewa sun haɗa ƙwan zomanya da maniyyi a cikin gilashi, sun mayar cikin wata zomanya, ta haihu. Labari ya yi ƙara. Da Pincus ya ƙara da cewa yana iya sa ƙwai ya fara girma ba tare da maniyyi ba ma, sai wata mujalla a 1937 ta zana shi tamkar mai shirin kawo duniyar da ba a bukatar maza. Harvard ba ta tabbatar da shi a aiki ba, ya tattara ya koma Worcester, inda daga baya, a 1944, shi da Hudson Hoagland suka kafa cibiyar bincike tasu ta kansu.

Surutun mujalla dai shirme ne, amma aikin Pincus ɗin ma yana da rauni, kuma masana sun gano shi daga baya. Ya bar ƙwai da maniyyi tare na ɗan taƙaitaccen lokaci ne kawai, sa'an nan ya zuba ƙwan cikin bututun zomanya, maniyyi na manne a jikinsa. Ashe a can ciki haɗuwar ta auku, ba a gilashi ba. Waɗanda suka yi ƙoƙarin barin su a gilashi har ƙarshe, sai su ga maniyyi yana ta iyo a kewayen ƙwai, lafiyarsa lau, amma ya kasa shiga. Ba wanda ya san dalili.

Wanda ya warware wannan ƙulli shi ne Min Chueh Chang, mutumin lardin Shanxi na ƙasar Sin, wanda aka haifa a 1908, ya yi digirinsa na dakta a Kambirij a kan maniyyin rago, ya zo cibiyar Pincus a 1945 ya zauna har ƙarshen aikinsa. Dabararsa mai sauƙi ce, agogon zomanya ne kuma ya ba shi ita. Tun da ya san sa'ar da ƙwai zai fito, sai ya riƙa zuba sabon maniyyi kai tsaye cikin bututu a lokatai dabam-dabam. Wanda ya zuba kamar awa shida kafin fitowar ƙwai, ya yi aiki. Wanda ya zuba daf da fitowarsa ko jim kaɗan bayanta, ga shi kusa da ƙwai, ga ƙwai da ransa, amma bai yi ba. Ya gane ke nan cewa maniyyi ba ya fitowa daga namiji a shirye. Sai ya yi awoyi a jikin mace ya nuna, kamar yadda ake kwantar da ƙullu ya kwana kafin ya tashi, in kuwa bai nuna da wuri ba ƙwai ya riga ya mutu. Ya buga wannan a 1951. A wannan shekara kuma, can a Ostareliya, Colin Austin ya gano abu guda, ba tare da ɗayansu ya san aikin ɗan'uwansa ba.

Da wannan sani Charles Thibault da abokan aikinsa a Faransa suka nuna a 1954 cewa nunannen maniyyi yana shiga ƙwan zomanya a gilashi. Sauran hujjar da ba ta da ja, watau haihuwa. A 1959 Chang ya wanko maniyyin baƙin zomo daga mahaifar zomanyar da aka hau, ya haɗa da ƙwayayen baƙar zomanya a gilashi, ya jira har ya ga sun fara rarrabuwa da idonsa, sa'an nan ya dasa su a cikin fararen zomaye. Fararen suka haifi baƙaƙen 'ya'ya. Dabarar launi ta Heape ce, bayan shekara 69. Waɗannan su ne dabbobi masu shayarwa na farko da aka tabbatar an haɗa su a wajen jiki. Hausawa sun ce kowa ya ci zomo ya ci gudu. Chang ya yi shekara 14 yana wannan gudu.

Wani abin da ya tabbatar tun a 1950 shi ne cewa ɗan tayi da mahaifar da za ta karɓe shi dole su zama sa'o'in juna. In aka kai ɗan tayi mai kwana huɗu mahaifar da take kwana ɗaya da sakin ƙwai, ba zai kama ba. Tazarar ba ta son wuce kwana ɗaya ko biyu. Har yau likitocin haihuwa da likitocin dabbobi a kan wannan ƙa'ida suke shirya mahaifa kafin dashe.

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, a wannan cibiya, a hannun waɗannan mutane biyu, a kan wannan dabba, aka fito da maganin hana ɗaukar ciki. Tun 1903 Ludwig Fraenkel na Breslau ya nuna cewa gurbin da ƙwai ya bari a gidansa yakan zama wani ɗan tsiro rawaya, in aka cire shi cikin zomanya ya zube. A 1929 George Corner da Willard Allen suka tatso sinadarin da tsiron ke fitarwa, wanda ake kira furojestaron, a 1937 kuma aka ga cewa zomanyar da aka yi wa allurarsa ba ta sakin ƙwai ko an hau ta. Pincus da Chang suka ɗora daga nan a farkon shekarun 1950, a 1960 hukumar Amurka ta amince da ƙwayar.

Zomanya ta taɓa zama har akwatin sufuri. A farkon shekarun 1960 masana a Kambirij suka ɗebi 'yan tayin tumaki irin Border Leicester, suka zuba a bututun zomaye suka ɗaure, aka sa zomayen a jirgin sama zuwa Afirka ta Kudu. A can aka ciro 'yan tayin aka dasa wa tumakin ƙasar, suka haifi 'yan raguna irin na Ingila. Kuɗin jirgin zomo da na rago ba ɗaya ba ne.

INDA AGOGON ZOMO YA ƁATAR DA MASANA

Duk da haka, mace ba zomanya ba ce, Robert Edwards kuwa ya koyi wannan da tsada. Pincus ya rubuta tun shekarun 1930 cewa ƙwan zomanya da aka ciro ɗanye yakan nuna a gilashi cikin awa 12, ya kuma ce na mutum ma haka. Edwards ya gaskata. Da ƙyar yake samun ɗan yankin gidan ƙwai daga matan da aka yi wa tiyata, ya jira awa 12, ya duba, ya ga ba abin da ya motsa, ya zubar. Ya yi kusan shekara biyu a haka. Ran da ya daure ya ƙara jira, sai wajen awa 25 ya ga ƙwan ya fara motsi, nunarsa kuma ba ta cika ba sai wajen awa 36. Ya buga wannan a 1965. Shi ya sa a yau, in aka yi wa mace allurar ƙarshe ta nunar da ƙwai, likita yakan sa mata lokacin ɗibar ƙwai bayan awa 34 zuwa 36, ba ya kuma yarda a yi wasa da wannan lokaci. A 1969 Edwards da Barry Bavister da Steptoe suka ga maniyyi ya shiga ƙwan mutum a gilashi; aka ƙara shekara tara ana faɗuwa ana tashi kafin Louise Brown. Edwards ya sami lambar Nobel a 2010, Steptoe da Purdy sun riga sun rasu.

Bayan haka ma ba a sallami zomanya ba. Dabarar tsira ƙwayar maniyyi guda ɗaya cikin ƙwai da siririyar allura, wadda ta zama mafita ga mazan da maniyyinsu ya yi ƙaranci ko rauni, an sami 'ya'yan zomo da ita a Kyoto ta ƙasar Japan a ƙarshen shekarun 1980, kafin a haifi 'yan Adam da ita a Burasal a 1992.

Gwajin Heape ya bar wa malamai tambaya. A 1980 Muftin Masar na lokacin, Shaihu Jadul Haƙƙ, ya ba da fatawa cewa haɗa ƙwan mace da maniyyin mijinta a mayar cikinta ya halatta muddin aure na nan, amma shigo da na uku bai halatta ba. Majalisar fiƙihu ta Makka ta yi sassauci a 1984 cewa kishiya na iya ɗaukar wa kishiyarta, sa'an nan ta janye a 1985 saboda tsoron cakuɗuwar nasaba. A Nijeriya, Farfesa Oladapo Ashiru da Farfesa Osato Giwa-Osagie ne suka fara wannan aiki a asibitin koyarwa na Jami'ar Legas a shekarun 1980.

Daga ƙarshe maganin ya komo wa mai shi. A manyan gonakin zomaye na Italiya da Faransa da Sifen, inda ake kiwo don nama, ba a cika kai zomanya wurin namiji ba. Akan zuba mata maniyyi da ɗan bututu, tun da kuwa ba barbarar da za ta sa ta saki ƙwai, sai a haɗa mata da allurar sinadarin da ƙwaƙwalwarta za ta fitar da an hau ta. Yawanci akan yi haka kwana 11 bayan ta haihu, saboda haka duk kwana 42 garken yake haihuwa a tare.

Mai kiwon zomaye biyar ko goma a bayan gida ba ya bukatar allura, amma agogon ɗaya ne. Zomanya ake kai wa kejin namiji, ba a kawo shi nata, don takan yi faɗa a kan wurinta. A rubuta ranar. Bayan kwana 12 zuwa 14 mai hannu yana iya lalubar cikinta a hankali ya ji 'yan tayi kamar 'ya'yan inabi, a rana ta 28 kuma a sa mata akwatin haihuwa. Zafin bazara yakan raunana maniyyin namiji, rauninsa kuma yakan ɗauki makonni bayan zafin ya wuce, don haka ba kullum laifin macen ba ne. In kuma aka tara mata balagaggu a keji ɗaya suna hawan juna, wata takan saki ƙwai ba maniyyi, ɗan tsiron nan rawaya ya ci gaba da aikinsa, jikinta ya ɗauka ciki ne. Takan ƙi namiji, a rana ta 16 zuwa ta 18 ta tsige gashin ƙirjinta ta shimfiɗa sheƙa, ta zauna tana jiran 'ya'yan da babu su. Irin wannan sai a ware ta ita kaɗai, a bari kwanakin su cika, sa'an nan a mai da ita wurin namiji.